Ƙofar Ɗakin Inna

Zaitawa, Birnin Kano
Lahadi, 9 ga Mayu, 1999

Zuwa ga mai ɗakina Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya. Ya mai jego, ya 'yan biyu, ya zafin Funtuwa? Ki gaishe min da ƙanwarki Rukayya da maigidanta, ki ce musu Allah ya raya. Mu nan lafiya lau, sai zafi, har yanzu hadari bai ko haɗu ba.

Na daɗe ina juya maganar da zan rubuta miki, don ba na so in ɗaga miki hankali kina kan hidimar mutane. Amma na ga gara ki ji daga bakina.

Inna ta ce ƙofar ɗakinta tana cizon ta.

Ba ita ta fara faɗa ba. 'Yarmu Nana ce ta lura kakarta ta daina sallar azahar a ɗaki, ta koma shimfiɗa darduma a tsakar gida cikin ranar nan. Da na zauna na tambaye ta a hankali, sai ta ce abin ya kwana biyu. Kin san yadda take yi: ta zauna a kujerarta ta tsugunno a bakin ƙofa ta yi alwala, ta miƙe, ta kama ƙarfen ƙofar don ta tsallaka dokin ƙofa saboda gwiwoyinta. To a nan ne, in ji ta, wani abu yake cafke mata hannu ya fizga har kafaɗa. Ba kullum ba. Wata rana ta shiga lafiya, wata rana ya kama ta.

Abin da ya fara zuwa min shi ne wutar lantarki. Sai kuma na tuna ɗakin Inna ne kaɗai babu waya a gidan nan, tun lokacin da ta hana a ja mata, ta ce fitilarta ta ƙwai ta ishe ta. Duk da haka na gwada. Na kama ƙofar da safe kafin in tafi kasuwar Kurmi, na kama da na dawo cin abinci, na kama da yamma, na rubuta a littafina kamar yadda na saba. Ban ji komai ba. Na kira Mailafiya mai gyaran wuta. Ya zo ya tarar an ɗauke wuta, ya leƙa ɗakin, ya duba bango, ya ce ɗakin da babu waya ina zai samo wuta. Ya sha kunun tsamiya ya tafi.

Sai na koma na ce wa Inna mun duba, babu komai a jikin ƙofar. Na ɗauka hankalinta zai kwanta. Ta dube ni ta ce to. Tun daga nan ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ban ji daɗin wannan "to" ɗin ba. Ban san inda na yi kuskure ba, amma jikina yana ba ni na yi.

Nana tana ta fama da shirin jarrabawa. Malaminsu na Fiziks tun zaɓe ya bi 'yan siyasa, bai koya musu sashen lantarki ba, ga shi za su yi firaktikal a kansa. Ta kwashe batiran rediyona ta jera a tabarma da 'yan wayoyi da ƙwan tocila, ni kuma labaran miƙa mulki sai dai in ji a bakin 'yan kasuwa. Ta nemi in taya ta, na ce mata kimiyyata a aji uku ta tsaya.

Ki yi wa Inna addu'a. Nana tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki inda kika ajiye daddawa.

Naki,
Abdulbaƙi


Zaitawa
Lahadi, 16 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Luba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida mai jego da jarirai. Saƙonki ya iso ta hannun direba, daddawa kuma an same ta inda kika ce. Na ji daɗi da kika ce zazzaɓin Rukayya ya sauka.

Maganar Inna ba ta yi sauƙi ba. Yanzu na gane abin da na yi da na ce mata babu komai. Ita ga yadda ta lissafa: ni na taɓa ban ji ba, Nana tana shiga tana fita ba ta ji ba, ita ma in ba alwala ta yi ba ba ta ji. Tunda ita kaɗai yake kamawa, kuma sai da alwala, to laifin yana cikin tsarkinta. Ta gaya wa ƙawarta 'Yardada cewa ana korar ta ne daga ɗakin don ba a karɓar alwalarta. 'Yardada ce ta faɗa min a soro, ita ma tana share ido.

Na ga abin da idona ranar Talata. Ta yi alwala, ta kama ƙarfen, ta saki da sauri. Ba ta yi ƙara ba. Ta koma ta zauna ta sake cika buta, ta sake alwalar daga farko a hankali, tana tsefe yatsun ƙafa, tana zuba ruwa fiye da na farko. Ta miƙe ta sake kamawa, ya sake fizgar ta. Ta koma ta zauna ta ɗauki buta. Luba, matar nan ita ta koya min alwala. Na tsaya a bakin soro na kasa ƙarasawa.

'Yardada ta kawo ruwan addu'a da ganyen magarya da gishiri, suka yayyafa wa ƙofar da dokin ƙofa. Da niyya mai kyau ta yi. Washegari da Inna ta kama, sai da ya yar da ita a kan ƙugunta. Ba ta karye ba, alhamdu lillahi, amma tana ɗingishi. Yanzu a ɗakinki take kwana.

Na ce zan cire ƙofar in sa ta katako. Ta ce ba ƙofa ba ce, kada in wahalar da kaina. Ta aika wa ƙaninta Kawu Mamman a Bichi ya turo mota ranar Lahadin ƙarshen wata, ta koma can da zama. Ta fara sa Nana tana fito mata da kaya tana ƙullewa. Ɗakin da aka kawo ta tana amarya, inda ta haife mu, inda Baba ya cika. Na roƙe ta, ta ce ba fushi take da kowa ba.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: wani lokaci ina zargin ko ciwon jijiya ne, ko tsufa ne ya fara taɓa ta. Sai in ji kunyar kaina. Sai kuma in ce, to in ba haka ba ne, mene ne?

Abin da ke ɗan ɗauke min hankali shi ne karatun Nana. Bayan la'asar ina zama in riƙe mata waya. Ta nuna min abin da suke kira sakit, wato hanyar da wuta take bi ta fita daga batir, ta ratsa ƙwai, ta dawo wa batir ta ɗaya bakin. In hanyar ta yanke ko da kaurin gashi ne, ƙwai ba zai kama ba. Na yi ta haɗawa ina rabawa kamar yaro. Ta ce da ni ne ɗan ajinsu da na zo na biyu daga ƙarshe, don akwai wata da ko waya tsoron taɓawa take.

In kina da wata shawara a kan Inna ki rubuto, ke tana jin maganarki.

Mijinki,
Abdulbaƙi


Zaitawa
Lahadi, 23 ga Mayu, 1999

Zuwa ga Luba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kun wayi gari lafiya, ke da duk mutanen gidan. Ki zauna kafin ki karanta wannan. Kowa lafiyarsa ƙalau, na fara da wannan don kada ki tsorata.

An gano abin da ke jikin ƙofar.

Ranar Alhamis da na dawo cin abincin rana, Nana tana wanke-wanke, Inna ta aike ta ta ɗauko mata carbi a tsohon ɗakinta. Ta tashi da jiƙaƙƙen hannu, ba ta tsaya neman silifas ba, ta tura ƙofar. Na ga ta yi baya ta riƙe gwiwar hannu. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ƙafafunta da jiƙaƙƙen simintin da take tsaye a kai, sannan ta zo inda nake ta ce, "Baba, duk taɓawar da ka yi wa ƙofar nan, da takalmi a ƙafarka?"

Da takalmi mana. Kin san ni, ko tsakar gida ba na takawa ba takalmi.

Ta ce wuta ce, kuma abin da muke yi a tabarma ne. Wuta tana jikin ƙofar tana neman hanyar komawa, hanyar kuwa ita ce ƙasa. Mai takalmin roba da busasshen hannu ya yanke hanyar, ba zai ji komai ba. Inna kuwa ba ta sa jiƙaƙƙiyar ƙafa a takalmi, tana takowa haka nan a kan ruwan alwalarta, ta kama ƙarfe da ɗanyen hannu. Jikinta ne yake cike hanyar. Ranakun da ta shiga lafiya, ranakun da aka ɗauke wuta ne, kuma da yake babu ƙwai a ɗakinta ba wanda ya haɗa biyun. Duk ƙarin ruwan da take yi ƙara buɗe wa wutar hanya take, gishirin nan kuma ya fi komai.

Na ce to daga ina wutar take zuwa. Ta ce wannan sai an hau sama. Na aro tsani na hau, abin da rabona da shi tun ina saurayi. Kin tuna rumfar langa-langar da na sa aka yi wa Inna a bakin ƙofa, wadda aka tokare da bututun ƙarfe a kan firam ɗin ƙofar? A kanta na ga waya kwance. Daga gidan maƙwabcinmu Haruna ta fito, ta bi ta kan ɗakunanmu zuwa shagon bakin lungu da suka mayar ofishin jam'iyya lokacin zaɓe. Bakin langa-langar ya ci robar, jan ƙarfen yana zaune a kan kwanon.

Na kira Haruna. Kin san mutumin ya ci kansila, da farko ya ce a bari sai an yi rantsuwa ranar Asabar, don da layin nan za su kunna wa unguwa talabijin. Ban iya musu ba, amma ranar na ce masa a'a. Nana ta aro testa wajen Mailafiya, ta ɗora a ƙofar, 'yar fitilar ciki ta yi ja. Aka zare layin daga gidan Haruna, ta mutu. Aka mayar, ta sake kamawa. Haruna ya zauna a dakalin soro ya riƙe kai, yana cewa Inna ce ta yi masa wankan jariri. Kafin magariba ya sa an kwance wayar, an bi da ita ta bangon waje cikin bututun roba.

Nana ta nuna min lissafin a littafinta, ƙarfin wuta a raba da turjiyar hanya. Ta ce tsatsa da fenti da bushewar bazara su suka tare yawancin wutar. Da damina ta sauka komai ya jiƙe, turjiyar za ta faɗi, abin da zai ratsa mutum ya ninka. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Na je na yi wa Inna bayani dalla-dalla. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ɗakinta ba shi da waya, kuma ba ta taɓa jin wutar da ta san mai alwala da marar alwala ba. Ta ce wancan karon na ce babu komai, yanzu na ce akwai, duk don in hana ta tafiya ne, kuma ta gode. Ban ga laifinta ba. Motar Bichi tana nan zuwa Lahadi mai zuwa, ƙullin kaya kuma sun cika ɗakinki.

Ki gaida kowa. Ina kewar ki, musamman a irin wannan.

Naki,
Abdulbaƙi


Zaitawa
Litinin, 31 ga Mayu, 1999

Zuwa ga mai ɗakina Luba,

Assalamu alaikum. Ina fata ke da Rukayya da 'yan biyu kuna lafiya, kuma ruwan da ya sauka mana ranar Juma'a da yamma ya iso ku. Jiya ban samu na rubuta ba, za ki ga dalili.

Duk makon nan na sake gwada yi wa Inna magana, ban ci nasara ba. In na fara sai ta tambaye ni kasuwa. Akwai abin da ɗa ba zai iya ce wa uwarsa ba, amma jika tana iyawa. Ranar Asabar, unguwa ta watse kowa ya tafi bakin lungu kallon rantsar da sabuwar gwamnati, Nana ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa a gaban Inna. Ta ce tsohuwa ta taimaka mata da bitar firaktikal, tunda dai gudu za ta yi ta bar ta da jarrabawa. Inna ta ce ita ba ta yi boko ba balle bokon wayoyi, kuma a kwashe mata tarkace daga gaba. Amma ba ta tashi ba. Ni na fasa zuwa kallon, na zauna a gefe kamar ina gyaran takalmi.

Nana ta jera batira huɗu da ƙwan tocila, ta bar giɓi a tsakanin wayoyi biyu. Ta ɗauko silifas ɗin Inna ta ɗora bakin wayoyin a kai, ƙwai bai kama ba. Ta ɗaura wa kowace waya cokali, ta tsoma su a kwanon sha da ruwa, nan ma shiru. Sai ta miƙa wa Inna gishiri ta ce ta zuba da hannunta. Inna ta zuba tana mita ana ɓarnar gishiri. Nana ta motsa, ta matso da cokulan kusa da juna, ƙwan ya fara ja a hankali kamar garwashi. Ta ɗaga cokali ɗaya, ya mutu. Ta mayar, ya dawo.

Inna ta karɓi cokalin. Ta ɗaga, ta mayar, ta ɗaga, ta mayar. Ta sa aka sake kawo silifas ɗin ta gwada da kanta. Nana ta ce mata, "Ba alwalarki ya sani ba, tsohuwa, ruwa ya sani. Ko wanke-wanke kika yi haka zai miki, ni ma ai ya cije ni." Inna ta ce to ita Nana ai dama cizon ya dace da ita, ko bakinta zai ragu. Ba ta ce ta yarda ba. Ta ture kwanon ta ce a kai wa kaji.

Jiya da hantsi motar Bichi ta iso, ɗan Kawu Mamman ne ya tuƙo. Aka ba shi abinci, Inna ta ce sai an yi azahar za a ɗora kaya. Akwai wuta a lokacin, fankar ɗakinki tana juyawa, tsakar gida kuma har yanzu da danshin ruwan Juma'a.

Da aka kira salla sai na ga ta sa Nana ta mayar mata da kujerar tsugunno bakin tsohon ɗakinta. Ta zauna ta yi alwala sau ɗaya, yadda ta saba yi da can, ba ƙari. Na san an cire wayar, ni na tsaya aka cire, testa kuma ta nuna babu komai. Duk da haka sai na miƙe. Na tuɓe takalmi, na jiƙa hannu a buta, na nufi ƙofar don in riga ta, abin da ya kamata in yi tun ranar farko.

Ta ɗaga min hannu ta ce, "Kai sau nawa ka taɓa ka ce babu komai? Matsa."

Na matsa. Ta miƙe da ƙyar saboda ƙugun, ta tako a kan ruwan, ta yi bisimilla, ta ɗora tafin hannunta gaba ɗaya a kan ƙarfen. Ta bar shi a nan. Ruwa yana gangarowa ta gwiwar hannunta. Sai ta ɗora ɗayan hannun ma. Daga nan ta tsallaka dokin ƙofa ta shiga, muka ji muryarta daga ciki tana cewa Nana ta kwance ƙullin nan, ta fara da wanda darduma take ciki, lokaci yana wucewa.

Motar ta koma da yamma da goro da turare da gaisuwa ga Kawu Mamman. Inna ta ce a gaya masa za ta zo ganin gida bayan damina.

Ba ta sake yi min maganar ba, ni ma ban yi mata ba, kuma ina roƙon ki in kin dawo kada ki tayar. Yau da asuba na ji ƙarar butarta a bakin ƙofa, sau ɗaya ta cika ta.

Nana za ta yi firaktikal ɗinta ranar Alhamis, ki sa ta a addu'a. Ki gaida Rukayya da maigidanta, ki shafa min kan 'yan biyu. Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Mijinki mai kewar ki,
Abdulbaƙi